Haƙorin da Na Hana a Cire

A gidan suna a Gagarawa haƙorin ya fashe. Ƙanwar maigidana ce ta yi jika, muka cika mota daga Gumel muka tafi. Da aka kawo soyayyen naman rago a faranti, na ɗauki wata tsoka mai manne da ƙashi na kai baki. Ban ji zafi a lokacin ba. Ƙara kawai na ji a cikin kaina, kamar an taka busasshen kara. Na sa harshe na lalubi wurin sai na ji kaifi. Na juya baya na tofa a tafin hannu, ga ɓallin haƙori a cikin naman. Na goge hannu, na ci gaba da hira, ban gaya wa kowa ba.

Haƙorin sama ne na gefen dama, wanda ke bin bayan fiƙa. Dama ya daɗe da ɗan rami, ina sakace shi da tsinke ina ce masa sai gobe.

Ni mai ƙuli-ƙuli ce. Tun ina amarya nake matsar man gyaɗa, kuma a wannan sana'a na aurar da 'ya'yana mata. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka hannu ne ke yin sa. Hannu yana murzawa, amma haƙori ne ke gaya miki ko ƙulin ya soyu har ciki ko bayansa ne kawai ya yi ja. Kowane kasko na sauke sai na gatsa ɗaya kafin in bari a ƙulla. Don haka abin da ya fashe a Gagarawa kayan aikina ne.

Bayan 'yan kwanaki ciwon ya iso. Ruwan randa idan ya taɓa wurin sai in ji har cikin idona. Na tauna kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri mai ɗumi, na sha ƙwayoyin kemis. Kumatuna ya tasa kamar na ɓoye goro. Maigidana, wanda nake kira Malam, tela ne a bakin kasuwa, mutum ne mai son a gama magana da wuri. Ya dube ni ina dafe da kunci ya ce, “Haƙorin da ya fara ciwo ya gama aikinsa. A fitar da shi ki huta.” Shi kansa giɓi biyu gare shi, ɗaya a kowane gefe, kuma yana ganin bai rasa komai ba.

Aminiyata, maƙwabciyarmu da ke kai kayan miya kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ita ta ce in biyo ta. Ta ce akwai wani mutumin Damagaram da ke zama bayan rumfunan masu igiya, hannunsa ba nauyi, kafin ki ce wash ya gama. Na bi ta, don ciwon ya kai ni inda ba na gardama.

Muka same shi a ƙarƙashin wata darbejiya, ya shimfiɗa leda ya jera kwalabe da awartaki iri-iri. Mutum ne mai fara'a, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Mutanen wurin lokotoro suke ce masa, wato likita a bakin mutanen Nijar. Akwai wani dattijo Bafulatani a gabana, an danna masa auduga a baki yana tofar da jini a gindin bishiya. Aka ce in zauna a benci, na zauna. Mutumin ya leƙa bakina ya ce, “Wannan ai ya mutu, Inna. Shi da na kusa da shi ma, gara a haɗa su a huta da dawowa.”

A gefen ƙafarsa akwai wani kwanon sha cike da haƙoran mutane, ya ajiye shi don a ga ƙwarewarsa. Na dubi kwanon nan. Manya da ƙanana, wasu da jan goro a jikinsu, an zube su kamar tsakuwar da aka tsince daga shinkafa. Na rufe bakina, na gyara mayafi, na miƙe.

Aminiyata ta riƙo hannuna. “Ina za ki? Tsoro kike ji, da girmanki?”

Na ce, “Ba tsoro ba ne. Ban ba shi ba ne kawai.”

A motar dawowa ta juya min ƙeya har muka shigo Gumel. Ni kuwa mahaifiyata nake tunawa. Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Sule Tankarkar, mace mai kyan baki, da wushirya. Ɗaya bayan ɗaya aka cire mata haƙoran, duk wanda ya yi ciwo a kai ta wurin wanzami. Kowane lokaci abin da ake faɗa ke nan, a fitar da shi ta huta. Shekarunta na ƙarshe a gidana ta yi su. Ranar Babbar Sallah ni nake daka mata nama a turmi har ya zama kamar dambu, in kai mata ɗaki, don ba ta yarda ta ci a gaban jikoki. Sau da yawa takan ce ta ƙoshi. Idan aka faɗi abin dariya sai ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Babu wanda ya zalunce ta, kowa taimakonta yake yi. Amma da taimakon nan aka kwashe mata baki gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin an tambaye ta ko akwai wata hanya da take so ba.

Washegari na je asibitin garinmu. Ma'aikacin sashen haƙori ya duba, ya rubuta min maganin kumburi, ya ce cirewa za su iya yi a nan. Na tambaye shi, ba a gyara haƙori ne? Ya ce ana gyarawa idan saiwar tana da rai, amma sai an ɗauki hoto, kuma aikin sai Kano. Ya faɗe shi a hankali, irin yadda ake faɗa wa tsohuwa abin da aka san ba za ta yi ba. Na ce ya maimaita min sunan aikin har na riƙe.

Da na gaya wa Malam, sai ya ajiye almakashi. “Kano, saboda haƙori ɗaya? Mutane za su yi miki dariya. Nawa ya rage mana a duniyar?”

Na ce, “Wanda ya rage ɗin nake so in ci da bakina.”

Bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Da yamma na ji shi a zaure yana waya da ɗanmu na fari, wanda ke aiki a Kano, yana cewa, “Uwarka ta kafe, sai ka san yadda za ka yi da ita.”

Ɗan fari ne, don haka tsakanina da shi akwai kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa kama sunansa ba, ba na zama in yi doguwar hira da shi. Idan ya zo gida sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, in amsa gaisuwa ina kallon wani wuri. Yaro ne mai jin ƙaina, wannan kam na shaida. Shi ya tarye ni a tasha, ya kai ni wani asibitin haƙori a bene, mai sanyi kamar cikin randa.

Aka ɗauki hoton bakina. Likitan, wani magidanci mai furfura kaɗan a gemu, ya kafa hoton a allo. Yarona ya fara yi masa tambaya da Turanci, shi ma ya amsa da Turanci, suka miƙa. Ina kwance a kujerar nan mai lanƙwasa, bakina a buɗe, ana nuna hoton da biro ana gyaɗa kai. Na jira har na gaji. Na tofar da audugar da aka sa min na ce, “Likita, bakin nan nawa ne ko nasa?”

Ya yi dariya, ya ce na yi gaskiya, in yi masa afuwa. Ya tayar da kujerar har na zauna daidai, ya jawo tasa ya fuskance ni. Daga nan da Hausa ya yi min bayani, kuma bai gajarta ba.

Ya ce hanya biyu ce a gabana. Ta farko a cire. Idan an cire, ko in zauna da giɓi, haƙoran gefe su riƙa karkatowa cikin ramin a hankali, ko a yi min na roba mai cirewa da mayarwa, ko a feƙe lafiyayyun da ke gefe biyu a ɗora gada a kansu, ko kuma a dasa kusa a cikin ƙashi a ɗaura sabo a kai. Hanya ta biyu a bar saiwar, tunda hoton ya nuna tana nan daram. Za a fitar da jijiyar da ta ruɓe, a wanke ramin, a cike shi, a gina abin da ya fashe, sannan a sa wa haƙorin hula ta rufe shi duka. Ya ce kada in ɗauka alkawari yake yi min. Haƙorin da aka kashe wa jijiya yana iya yin shekaru masu yawa, yana kuma iya tsagewa wata rana a dawo ga cirewar.

Na ce, “Idan ranar ta zo mu gani. Yau dai ba ita ba ce.”

Sai ya jawo wani ɗan akwati ya buɗe, ga hulunan a jere a kan haƙoran roba. Ya ɗauko ta farko, ƙarfe zalla, mai ƙyalli kamar sabon cokali. Ya ce ba ta fashewa, kuma ita ce ba a cin haƙori da yawa kafin a sa ta, don siririya ce. Aibinta ɗaya, kowa zai gan ta. Ta biyu ƙarfe ce a ciki, an lulluɓe ta da tangaran ta yi kalar haƙori. Ya ce tana da kyau, amma tangaran ɗin yana iya ɓantarewa idan ana cin abu mai tauri, kuma da daɗewa wani baƙin layi kan fito a bakin dasashi. Ta uku tangaran zalla, ta fi duka kama da haƙorin Allah, an fi sa ta a gaba. Ta huɗu wata fara ce mai tauri, ta zamani, ya ce tana jure tauna sosai kuma ba mai gane ta daga nesa. Akwai ta zinare ma, ya ce, ga mai so.

Ya tambaye ni me nake ci. Na ce ƙuli-ƙuli, kullum, don sana'ata ce. Sai goro, da aya, da rake idan lokacinsa ya yi. Ya ce to ta ƙarfen ko farar mai taurin, kowacce na ɗauka bai ga laifi ba.

Yarona bai jira ba. “A sa mata farar, likita. Ni zan ɗauki nauyi.”

Na karɓi hulunan biyu na juya su a tafin hannuna. Na tambayi likitan wacce ce za a fi rage min haƙorina kafin ta zauna. Ya ce farar, ko da yake bambancin ba mai yawa ba ne. Na ce, “Abin da ya rage min ɗan kaɗan ne. Ba na son a ƙara cin sa. Ta ƙarfen nake so.”

“Inna,” in ji yaron, ya rage murya, “wurin yana fitowa idan kin yi dariya. Ga bikin auta yana zuwa, za a yi hotuna. Mutane za su ce ɗanki yana Kano amma ya bar ki da gwangwani a baki.”

A nan na gane inda damuwarsa take. Ban ga laifinsa ba, mutum ne shi ma a cikin mutane. Amma tun daga zauren Malam har zuwa benen nan, kowa yana da abin da yake so a yi da bakina, kuma kowa don alheri. Ranar nan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido.

Na ce, “Kai za a gani a hoto, ni zan tauna. Idan an tambaye ka, ka ce ka kawo farar na ƙi. Ba ƙarya ka yi ba.”

Ya sunkuyar da kai. Likitan ya shiga gyara kayan aikinsa kamar bai ji ba.

Ba zan ce zaɓina ya fi nasa ba. Likitan da kansa ya ce farar za ta yi. Akwai dai wani abu da ban faɗa musu ba a lokacin, don ban san yadda zan faɗe shi ba. Ba na son abin da zai ɓoye cewa haƙorin ya taɓa fashewa. Na sha wuya a kansa, an yi min dariya a kansa, kuma ina so duk macen da ta gan ni ta san ana gyara haƙori. Da na sa farar, da sai a ce ciwon ne ya warke da kansa.

Aikin bai zo da sauƙi ba, kada wani ya ɗauka labarin daɗi nake bayarwa. Ba a gama shi a zama ɗaya. Na yi ta bin hanyar Kano, in fita bayan asuba da kunu a gora, in dawo da yamma rabin fuskata a mace da allura, miyau yana zuba ban sani ba. Ƙarar injin da ake feƙe haƙori da shi har yanzu idan na tuna sai tsikar jikina ta tashi. An cusa min wani ƙwaɓaɓɓen abu kamar ƙullu a baki don a ɗauki awo, na yi ta yunƙurin amai. Aka sa min hular roba ta wucin gadi kafin a ƙera ta gaskiyar, ita kuma ta fita a cikin tuwon dawa ina tsakiyar cin abinci. Malam na zaune a gefe. Ya dubi abin a hannuna ya ce, “Da kin bi ta Maigatari da tuni kin manta.”

Na ce, “Da tuni na manta da haƙorin ma.”

Na wanke ta, na sa ta a gwangwanin mai, da safe na kama hanya. A tafiyar nan ce motarmu ta lalace bayan mun wuce Gagarawa, muka zauna a gindin wata ƙirya rana na dukanmu. A wurin na ji zuciyata tana cewa me ya kai ki, tsohuwa da ke, ga gyaɗa can a jibge ba a soya ba. Na bar ta ta gama faɗa. Da aka gyara motar na shiga na zauna a wurina.

Ranar da aka manna ta ƙarfen, likitan ya sa ni cije wata takarda mai launi, ya ɗan goge nan, ya goge can, har haƙoran suka haɗu daidai. Ya ba ni madubi. Na yi murmushi na gan ta tana ƙyalli a gefe. Ya ce in riƙa wanke gindinta da kyau, don hula ba ta ruɓewa amma abin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa, kuma in daina fasa ƙashi da baki. Na ce ƙashi na yafe shi, ƙuli kuwa ba da ni ba. Yarona ya raka ni tasha. Da zan shiga mota ya ce, “Ta yi miki kyau, Inna.” Ban sani ba ko har zuciyarsa ne. Na ce Allah ya yi masa albarka, ina kallon wani wuri kamar yadda muka saba.

A gida maganar ta zaga unguwa kafin in huce gajiya. Wasu suka fara kira na Hajiya da gatse, tunda a wurinmu haƙori mai ƙyalli na wanda ya sauke farali ne, ni kuwa Allah bai kira ni ba tukuna. A bikin autata na yi dariyata son raina, mai hoto ya ɗauka. Aminiyata ta ce ai sai in rage buɗe baki. Na ce ban sha wuyar hanyar Kano don in rufe shi ba.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, Hajiya ce ta gaske, da haƙorin Makka na zinare a gaba. Ita ce ke wankan gawar mata, kowa yana shakkar bakinta. A wurin bikin ta yafito ni, ta ce in matso ta gani. Na durƙusa na buɗe mata. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, “Mutane suna cewa kin ari haƙorin alhazai.”

Na ce, “Hajiya, naku shaida ce ta inda kuka je. Nawa na aiki ne, da shi nake cin abinci. Duk wanda ya kira ni Hajiya ina amsa masa da amin.”

Ta yi murmushi, zinaren ya fito. Ta ƙwanƙwasa hular da farce ta tambaya ko tana fita. Na ce an manne ta, sai dai a fasa.

“To ni abin da ya shafe ni nake tambaya,” in ji ta. “Idan na riga ki, shi ke nan. Idan kin riga ni, ni zan wanke ki. A cire ko a bari?”

Wata daga matan da ke kusa ta ce subhanallahi, ana biki. Ni ban ji haushi ba, tambaya ce ta mai sana'a. Na ce zan tambayi malamai, don ban san hukuncin ba. Na kuwa tambayi malaminmu na Islamiyya a satin. Ya ce abin da aka manna don lalura, wanda ba zai fita ba sai an wahalar da mamaci, barin sa ake yi.

Na je har gida na same ta tana tsinkar zogale a tsakar gida. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da malam ya ce, na ƙara da nawa: ko da malam bai faɗa ba, wasiyyata ke nan, a bar min abina. Ta ce ta ji, kuma za ta gaya wa wadda take koya wa wankan, ko da ita ba ta nan. Sannan ta tura min faifan zogalen ta ce tunda na zo in taya ta, na zauna muka tsinke.